Surukai a Akurki

Wani ne a nan Rijiyar Lemo. Kar ku tambaye ni sunansa, don wasunku sahu ɗaya suke sallah da shi. Mutum ne mai ladabi, wannan kam ba mai ƙwace masa. Ladabin ne ma ya yi masa yawa, har ya danne sauran abin da Allah ya zuba masa a ka.

Matarsa Ruwaida 'yar mutanen Potiskum ce, kuma tana da 'yan kajinta a bayan gida. Ba irin na gidan gona ba, kajin Hausa ne da zakaransu ɗaya. Asalinsu daga gidan mahaifiyarta suka zo, wato Inna Zaituna, a cikin kwando, tare da kayan ɗaki. Babbarsu wata tsohuwar kaza ce wake-wake, wadda Inna ta rena da hannunta. Ruwaida ba ta haɗa kajin nan da komai. Da safe sai ta sallame su tukuna take waiwayar karin kumallon maigida.

To, sai bikin ƙanwarta ya taso a can gida, za ta je ta yi makonni. Ita kuwa ta san wanda take aure. Ta taɓa bar masa tukunya a wuta, ya tafi kallon ƙwallo. Ta taɓa bar masa shanyar kuɓewa, ya tsaya yana kallon akuyar maƙwabta tana ci, wai bai san ko an ba ta izini ba. Don haka da ta zo bakin ƙofa sai ta tsaya, ta dube shi.

"Malam, ga amanar kajina nan. Wallahi in na dawo na tarar ko ɗaya ta mutu, motar da ta kawo ni ita za ta mayar da ni."

Ya san ba ta rantsuwar banza. Kuma yana son matarsa, so na gaskiya, yana kuma tsoronta daidai da haka. Ya ce ta je hankalinta kwance.

Da farko komai lafiya. Sai damina ta ɗauke. Wata safiya ya leƙa bayan gida, ya tarar da gashin kaji ko'ina kamar an farke matashin kai. Ya duba akurki, ba wadda ta ɓata, ba alamar muzuru. Ya watsa musu dawa. Suka zo suka duba, wata ta tsinci ƙwara ɗaya, suka watse. Kashegari ma haka. Ƙwai kuwa ya ɗauke ɗif.

Mutumin naku ya ce ƙila dawar ce ta gundure su. Ya kawo gero, suka ƙi. Ya kawo tsaki, suka ƙi. Ya je wajen mai abinci ya sayo shinkafa da wake da mai da yaji, suka ƙi. Ya haɗo musu shayi mai kauri da burodi, har da fifita shi kada ya ƙona su. Tsohuwar kazar nan ta matso, ta dubi shayin da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗaya idon, sannan ta koma jikin bango ta tsaya.

Wannan kallon ne ya tsaya masa a rai. Ya tabbata ya taɓa ganinsa a wani wuri. Yana cikin alwala abin ya faɗo masa. Ai irin kallon da Inna Zaituna ta yi masa ke nan ranar da ya faɗa ɗaki bai sani ba tana cin tuwo, ta ture kwanon ta rufe.

"Ashe," in ji shi. "Ashe ni ne ban da tarbiyya."

Ku bi lissafin nasa ku ji. Kajin nan daga ɗakin Inna suka fito. Hatsin Inna suka ci suka girma. Ke nan dangin matarsa ne, ke nan surukansa ne. Kuma ina aka taɓa ganin suruka ta buɗe baki tana cin abinci a gaban mijin 'yarta? Shi kuma ga shi kullum tsaye ƙiƙam a kansu, da takalmi, yana kiransu da baki kamar sa'o'insa. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Daga ranar ya gyara. In zai shiga bayan gida sai ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya tsuguna nesa kaɗan. Tsohuwar kazar ya daina ce mata kaza, ya koma ce mata Hajiya.

"Hajiya, an tashi lafiya? Ya baƙunta? A yi haƙuri da abin da ya wuce, ƙuruciya ce."

Sai ya tura faranti, ya ja da baya, ya bar musu gidan gaba ɗaya, ya je ƙofar masallaci ya zauna don su sake. In ya dawo sai ya tarar ƙadangaru sun ƙoshi, surukai kuwa suna nan a takure jikin bango, sai ƙara ramewa suke.

Ana haka Ruwaida ta bugo waya.

"Yaya kajina?"

"Suna gaishe ki."

"Suna cin abinci kuwa?"

"Ana dai kai musu."

Ta ce ya matsa da wayar kusa da akurki ta ji muryarsu. Ya ce sabis ne yake rawa, ya kashe wayar, ya zauna yana share gumi.

Da ya koma ya saci kallonsu ta wutsiyar ido, sai ya ga abin da ya fi na da muni. Gashin wuyan Hajiya ya zube tas. Gadon bayanta a waje, fata ja. Sauran ma haka, kowacce da inda ta yaye. Zakaran ko jela babu. Ya yi maza ya kau da kai yana istigfari. Yanzu kam ya gane komai. Baƙo a gidan suruki, kuma ba sutura a jikinsa, ta ina abinci zai wuce masa?

Ba a yi wa suruki sutura da yadin banza, wannan ya sani. Ya buɗe akwatin Ruwaida. Can ƙasa akwai wani leshi ruwan zuma da ta daɗe tana ɓoyo, ko ɗinka shi ba ta yi ba, sai dai ta fito da shi ta shafa ta mayar. Ya ce ai ba wanda zai fi ta murna in ta ga kayanta sun rufa wa danginta asiri. Ya haɗa da wata shadda tasa saboda zakara.

Ya sa Hajiya a kwando, ya lulluɓe da zane, ya tari adaidaita zuwa layin teloli a Fagge. Ya ajiye kwandon a kujerar baya, shi kuma ya matse a gaba gefen direba. Direban ya ce ai baya ba kowa, ya koma ya wala mana. Ya ce a'a, ba ya haɗa kujera da manya.

Telan da ya je wa, Sammani, ya daɗe a sana'ar nan. Ya ga masu son a ɓoye musu tumbi, ya ga masu son a ƙara musu kafaɗa, don haka fuskarsa ta daina motsi tuntuni. Ya tambayi awon wa za a ɗauka. Mutumin ya nuna kwando, ya juya fuskarsa bango. Sammani ya ɗaga zanen, ya duba, ya sauke. Sannan ya zaro abin awo daga wuyansa.

"Wane irin ɗinki take so?"

"Na manya. Doguwar riga, wuya a rufe. Ban da matsattse."

"Hannu fa?"

"Dogo."

"Ba ta da hannu."

"To ka san yadda za ka yi da fiffiken. Kai ne tela."

Sammani ya auna, Hajiya tana ihu, mutumin yana ba ta haƙuri ta bayan ƙeya. Aka zo kan zakara. Ya ce a yi masa jamfa, da ɗan aiki kaɗan a wuya, don ba mai son ƙyale-ƙyale ba ne. Sammani ya tambaya ko a haɗa da hula. Ya ce a'a, yana da tasa, ja.

Kun dai san telolin Fagge da alkawari. Ni kaina akwai yadina da ya yi sallah biyu a shagon wani, kuma in na gan shi shi ne yake fara fushi. Amma wannan ɗinki, Sammani ture kayan amaren mutane ya yi gefe, ya gama shi a yinin, don kawai yana so ya gani da idonsa. Telolin layin duk suka bar kekunansu suka zo gwaji. Ba wanda ya yi dariya a gabansa. Wani ma cewa ya yi kalar ta karɓe ta.

A gida ya sa wa kowa nasa, idonsa a rufe, yana laluben maɓalli. Da ya gama ya ja da baya ya buɗe ido. Hajiya ta yi taku ɗaya da baya, ta yi na biyu, ta kife a gefe ta kwanta, ƙafafu a miƙe. Sauran suka yi ta zagaya wuri ɗaya. Zakaran ya sandare cikin jamfa kamar ango a gaban mai hoto, kuma da asuba bai yi cara ba. Abinci kuwa, da suna tsintar ƙwara ɗaya, yanzu ko kallon farantin ba sa yi.

Da hantsi Ruwaida ta sake bugowa. Ta ce an gama biki, suna nan tafe ƙarshen mako, ita da Inna, don Inna za ta ga likitan ido a Kano. Ta ce Inna ma tana ɗokin ganin kazarta. Mutumin ya ce Allah ya kawo su lafiya. Yana ajiye wayar ya ɗauki buta.

Ya koma wajen Sammani da kwando, wai ko ɗinkin ne bai yi musu ba, a sake wani. Sammani ya dubi Hajiya kwance cikin leshi tana numfashi sama-sama, sai tausayi ya kama shi. Ya ce ɗinki kam ba shi da laifi, amma ya wuce kasuwar Sabon Gari, wajen 'yan kaji, ya nemi Madam Monica mai sayar da abincin kaji.

Madam Monica haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta ta fi ta wasunku da ke zaune a nan. Da ya buɗe mata kwando, ba kazar ta fara dubawa ba. Leshin ta kama, ta murza shi tsakanin yatsunta.

"Malam, wannan na matarka ne?"

"Nata ne."

"Ta sani?"

"Za ta sani."

"Allah ya tsare," in ji Madam.

Sannan ta ɗaga rigar a hankali ta duba fatar. Ta ce ba ciwo ba ne, sake gashi suke yi. Tsohon ya zube, sabo ya tsiro, kuma a lokacin jikinsu ba daɗi, cin abinci ya ragu, ƙwai ya tsaya. Ta nuna masa wasu 'yan tsinke-tsinke da suka fara ɓullowa a wuyan, ta ce sabon gashin ke nan, kuma zafi yake musu in an taɓa, balle a ɗaura musu leshi mai duwatsu. Ta ce ya je ya tuɓe musu kayan nan yanzu-yanzu, ya daina ɗaukarsu. Ta auna masa dusa da garin busasshen kifi da dakakken ƙuli-ƙuli, ta ce ya riƙa jiƙawa da ruwan ɗumi.

Ya saurara da kyau. Da ta gama sai ya ce, "To, kunyar fa?"

"Wace kunya?"

"Ta surukuta."

Madam ta dube shi, ta dubi kwandon. "Malam, kaza ce fa."

Maganar ta ɓata masa rai, don a gaban Hajiya aka yi ta. Ya ja zane ya rufe kwandon. Amma da yake yana cikin matsuwa, ya daure ya tambaya, in an jiƙa ɗin suka ƙi ci fa? Madam ta ce kar ya damu, halin kaji ne, da sun ga ɗaya ta sa baki sauran za su bi. Ya ce to ta sayar masa da wata mai cin abinci ya kai musu ta nuna musu hanya. Ta ce kul, baƙuwar kaza in ta ga jar fata tsattsage su za ta yi har jini. Sai dai 'yar gida, wadda suka saba da ita, mai irin halin da suke ciki.

A adaidaita yana ta juya maganar. A duk gidan nan, wa ke da cin abinci? Shi. Wa suka saba da shi? Shi. Abu ɗaya ya rage, irin halin da suke ciki. Ya ce da direba ya tsaya a shagon aski.

Mai aski ya ɗaura masa ƙyalle, ya nuna masa hotunan da ke bango, ya ce wanne za a yi. Mutumin ya ɗaga zanen kwando kaɗan, yana kallon rufi.

"Irin wannan."

Mai askin ya leƙa. Ya ce shi dai bai taɓa yi ba, amma ba ya mayar da ciniki. Ya kwashe nan, ya bar can. Ya share ƙeya tas, ya bar wani tsibiri a saman kunne. Gemu ma aka yi masa gefe da gefe. Da mutumin ya fito, jama'a suka riƙa ba shi hanya. Wata tsohuwa ta tsaya ta yi masa addu'ar samun lafiya, ya amsa da amin.

Yana isa gida ya rufe ido ya tuɓe wa kowa kayansa, ya wanke rigunan ya shanya a igiya. Ya jiƙa dusa da kifi da ƙuli a babban faranti. Ya cire rigarsa, ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa. Ya durƙusa, ya mayar da hannuwa baya, ya buɗe gwiwar hannu kaɗan. Ya yi bisimilla, ya kai baki.

To, wallahi abin ya yi aiki. Ko ƙamshin kifin ne, ko rabuwa da leshi ne, ko shi ɗin ne, Allah kaɗai ya sani. Ya yi tsinta ɗaya, ya ɗaga kai ya haɗiye, ya sake. Can sai ga Hajiya ta taho tana tangaɗi. Ta tsaya gefen kunnensa. Ta sa baki. Sauran suka biyo. Zakaran ya zo ya tarar da wani ƙato a wurinsa, ya sakar masa sara a kunne, mutumin ya haƙura don zakaran suruki ne babba. Yana ci hawaye na zuba a cikin dusar, don murna. Aurensa ya tsira.

Daga nan bai yarda ya yi wasa da sa'a ba. Safe da yamma tare suke ci. Har ya fara gane ranar da ƙulin ya yi kaɗan.

Su Ruwaida kuwa sai suka sami mota tun kafin ranar da suka faɗa. Bayan la'asar adaidaita ta sauke su a ƙofar gida. Suka yi sallama, shiru. Ruwaida ko mayafi ba ta cire ba ta nufi bayan gida, Inna tana biye da ita tana dogara sanda.

Igiyar shanya ta fara gani. 'Yan riguna ruwan zuma a jere, dogon hannu, wuya a rufe. Ta gane leshinta tun daga nesa. Sannan ta sauke ido ƙasa. Ga kajinta a fige, sun kewaye faranti. Ga mijinta a tsakiyarsu, ba riga, kai tabo-tabo, rabin gemu, hannu a baya.

Ya ɗago, dusa a hancinsa, suka haɗa ido da Inna. Ladabi ya ce ya tashi ya nemi riga. Amma in ya tashi, kaji za su daina ci. Da ya duba kuma ya ga ai a durƙushe yake, rabin gaisuwa ta riga ta samu.

"Inna, sannunku da zuwa. Ya hanya? Ya taro?"

Sai ya lura Hajiya ta dakata tana jiransa. Ya ce Inna ta yi masa afuwa, ya sunkuya ya ƙara tsinta ɗaya.

Ruwaida ta fashe da kuka. Ta ce kaji dai ga su da ransu, ba ta ce ba, amma ita ba za ta iya ba. Leshinta da ko a jikinta ba ta taɓa gwadawa ba. Mijinta kuma da za ta fita da shi cikin mutane, a ce wannan ne. Ta ce Inna ta juya su tafi, tun mai adaidaitan bai yi nisa ba.

Nan fa hankalinsa ya tashi na gaske. Daga durƙushen ya kwashe komai ya faɗa, tun daga shayi da burodi har zuwa tela da Madam da mai aski, bai rage ko ɗaya ba. Ya ce shi ba abin da yake gudu illa ta dawo ta tarar da gawa ta tafi ta bar shi. Yana magana, zakara kuma yana tsince masa dusar da ta maƙale a gemu.

Inna ta saurare shi har ya gama. Ta matsa ta sunkuya a kan kazarta, ta ƙura wa wuyan ido. Ta ce ai haka suke yi duk shekara in ruwa ya ɗauke, ba mai yi musu komai, da kansu suke warwarewa. Ta je igiya ta ɗauki riga ɗaya, ta kawo ta dab da idonta, ta juya ta, ta tarar har da aljihu. Ta mayar ta shanya. Sannan ta tsaya ta daɗe tana kallon kan surukinta, gaba da baya.

"Wuce ɗakinki, 'yar nan, ba inda za ki," in ji Inna. "Amma gaba in za ki yi tafiya, kajin za ki bar wa amanarsa."